Fim ɗin ƙauye ya sa ni hawaye

Jama'a wai ni da nake cewa fim ɗin soyayya bai kama ni, jiya na kalli wani a waya har chaji ya kusa ƙarewa ban sani ba. Labarin wata ce mijinta ya rasu ta koma ƙauyensu tayi takaba, wata 4 da kwana 10 ba kwalliya ba fita sai da lalura, ta gama amma zuciyar bata gama ba, sai ga wani manomi shima matarsa ta rasu wajen haihuwa ta bar masa jaririya.

Abinda ya burge ni ba wani "ina sonki" kowane minti, mutumin nan sai dai ya aiko da damin dawa ko ya gyara musu dangar da iska ta kayar, in sun haɗu a rijiya gaisuwa kawai, ina gajiya ya haƙuri, shikenan. Wallahi haka mutanen mu suke a ƙauyukan Giwa da Soba, kunya ta hana baki magana sai aiki yayi. Goggona ma haka aurenta na biyu ya kasance.

Inda suka ɓata min rai kawai, yarinya na surfe amma gashin ido na kanti da jan baki, haba darakta! Kuma lokacin kaka ne wai amma masara kore shar.

Ƴan Samaru da Tudun Wada masu cewa fim sai a gidan sama da mota, ku nemi irin wannan ku kalla sai muyi magana.