Tsakanin Sani da Iyawa: Abin da Rubuta Manhajar Aikin Lantarki Ya Koya Mini

Na shafe shekaru ina koyar da aikin haɗa wayar lantarki a wata cibiyar koyon sana'a kafin a ɗora mini nauyin sake rubuta manhajarmu domin ta dace da tsarin NSQF, wato tsarin tantance ƙwarewar sana'a na ƙasa, wanda Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shi a 2013, kuma hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, take kula da shi. Abin da aka nema shi ne kowane kashi na horo ya fayyace abin da ɗalibi zai iya aikatawa idan ya kammala shi. Na ɗauka aikin mako guda ne, domin tsohuwar manhajarmu cike take da jimloli irin su "ɗalibi zai fahimci tsarin wayar gida" da "ɗalibi zai san muhimmancin kare kai", kuma ban ga aibunsu ba.

Wani yaro da muka tura sanin makamar aiki wajen wani tsohon ma'aikacin lantarki ne ya nuna mini aibun. Yaron yana cikin waɗanda suka fi kowa maki a jarrabawar takarda, amma bayan kwana kaɗan maigidan nasa ya kira ni, ya kai ni wani ɗaki da yaron ya yi wa waya. Ya danna makunni, ƙwan lantarki ya kama, ya sake dannawa ya mutu. Daga nan ya cire ƙwan, ya zura tasta a mazauninsa, sai ga ta ta yi ja alhali makunnin yana kashe. Yaron ya ɗora makunnin ne a kan baƙar waya maimakon ja mai ɗauke da wuta, saboda haka duk wanda ya hau kujera zai canza ƙwai da tunanin ya kashe wuta, ƙarfin bolt 230 yana nan yana jiran yatsansa. Ban iya zargin yaron ba, domin a wurinmu idan ƙwai ya kama, an ci gwaji.

Tun daga ranar na daina yarda da kalmomin "fahimta" da "sani" a cikin manhaja, saboda babu mai tantancewar da zai iya leƙa zuciyar ɗalibi ya ga fahimta. Wani masanin ilimi ɗan Amurka, Robert Mager, ya tsara tun a 1962 cewa kyakkyawar manufar koyarwa tana da sassa uku: aikin da za a yi, yanayin da za a yi shi, da ma'aunin da za a ce ya yi daidai. Da wannan muka sake gina jimlar: idan aka ba ɗalibi zanen aiki da kayan aiki da waya mai kaurin milimita 1.5, zai haɗa ƙwai ɗaya da makunni biyu, makunnan suna yanke wayar da ke ɗauke da wuta, babu tagulla a waje a kowace mahaɗa, kuma zai gwada aikin da mitar gwaji kafin ya ba shi wuta. Jimlar ta yi tsawo, ba ta da daɗin karatu, amma malamai biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su dubi allon aikin yaro su yanke hukunci iri ɗaya.

Wurin da na fi shan wahala shi ne gano abin da ya kamata a rubuta tun farko. Mun gayyato ma'aikata masu hannu a sana'ar, muka roƙe su su lissafa ayyukan da suke yi, sai na lura cewa abubuwan da suka fi muhimmanci su ne ba sa faɗa, domin sun zame musu jiki. Babu wanda ya ambaci kashe wuta daga babban makunni da tabbatar da cewa ta mutu kafin taɓa waya, alhali da na bi ɗaya daga cikinsu wajen aiki, shi ne abu na farko da hannunsa ya yi ba tare da ya ce uffan ba. Haka kuma babu wanda ya ambaci jan wayar da aka ɗaure da yatsa don a ji ko sukurun ya kama ta. Abin da zan ba duk mai irin wannan aiki shawara a kai shi ne ya bar teburi ya tsaya a bayan mai sana'a yana kallo, da littafi a hannu.

Na kuma yi kuskuren wuce gona da iri, inda na farfasa aiki guda zuwa ƙananan ma'aunai masu yawan gaske, har mai tantancewa ya koma kallon takarda maimakon hannun ɗalibi, dole muka rage. Sannan duk abin da ka rubuta ya zama bashi a kan cibiyar horon: da muka ce ɗalibi zai auna ingancin rigar waya da na'urar da ke ba da bolt 500, ya ga awon bai gaza megohom 1 ba (ma'aunin yadda rigar ke hana wuta zurarewa), sai da muka yi ta bin shugabanni har aka sayo na'urar. Hukuncin tsarin kuwa biyu ne kawai, ya ƙware ko bai ƙware ba tukuna, kuma ina ganin adalci a cikin kalmar "tukuna", domin tana mayar da yaro kan allo maimakon ta kore shi gida.

Abin da har yanzu nake fama da shi shi ne amana. Ma'aikaci zai iya karɓar kuɗin waya mai milimita 2.5 ta soket, ya binne siririya a cikin bango, mai gida ba zai gane ba sai ranar da ta yi zafi ta narke. Ba a rubuta "ɗalibi zai kasance mai gaskiya", domin ba a auna shi. Iyakar abin da muka iya shi ne mu sa a ma'auni cewa ɗalibi zai nuna wa mai aiki kaurin da ke rubuce a jikin wayar kafin ya zura ta cikin bututu, kuma zai mayar masa da ragowar kaya tare da lissafi a rubuce.