Yadda na yi wa fijon Baba fenti da hannuna a gida

Shekara huɗu kenan da rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa da rahama, kuma tun daga lokacin fijonsa 504 tana nan ajiye a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Inji dai lafiyarsa ƙalau don duk sati sai na tayar da ita na ɗan zaga unguwa, amma jikin ne ya lalace, rana ta cinye farin ya koma kaman ruwan ƙasa, kashin tsuntsu ya ɓata rufin, ƙasan ƙofofin baya duk tsatsa ta fara kumburo fentin. Kullum na fito zan tafi aiki na kalle ta sai raina ya sosu, saboda na san yadda mutumin nan yake ji da motar, kowace Juma'a da kansa yake wanke ta kafin a tafi masallaci, ba ya yarda yaro ya jingina da ita ma. Haɗin Kaduna ce, daga kamfanin Peugeot ɗin nan da ya fara haɗa motoci a 1975, Baba kullum yana alfahari da wannan, yana cewa a garinmu aka haɗa ta.

Mutane sun yi ta zuwa a sayar musu, har da masu jari-bola da ke son su yanka ta su auna a kilo. Ranar da na gaya wa Hajiya shiru ta yi kawai, can ta ce "motar mahaifinku ce, ku kuka san abin da ya dace." Daga yadda ta faɗa na gane ba ta so.

Toh sai na je wurin masu fenti na tambayi kuɗi. Wallahi kuɗin da aka yanka min ya fi albashina na wata biyu, kuma ban ga laifinsu ba, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira kuma ta faɗi komai na fenti ya tashi, don yawancin kayan daga waje ake shigo da su. Na dawo gida ina ta lissafi, sai na ga ai mafi yawan kuɗin nan na aikin hannu ne, kwanakin da za a yi ana guga, ni kuma abin da nake da shi kenan, Asabar da Lahadi da hannu biyu da ƙanina da ya gama makaranta yana zaune.

Akwai wani dattijo tsohon mai fenti a bayan layinmu, ya daina aikin saboda ƙirjinsa, shi na je na samu. Na ce Baba so nake ka koya min. Ya zo ya zaga motar yana shafa ta da tafin hannu, sai ya ce in kawo masa mayen ƙarfe. Na ciro na wata tsohuwar sifika, ya naɗe shi a ƙyalle yana bin jikin motar da shi, duk inda ya ƙi kamawa sai ya zana da alli. Ashe wurin tsohon bodi fila ne, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, aka cika da kauri, a fendar hagu ta baya, inda aka taɓa buge Baba tun muna yara. Sannan ya jiƙa tsumma da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ya goga a wani lungu, tsumman ya fito fari fat. Ya ce ka gani, fentin da ke sama irin na da ne mai narkewa, in ka fesa sabo mai ƙarfi a kansa kai tsaye zai iya tattarewa ya yi yamutse kaman fatar tsoho, sai ka goge shi sosai ka rufe da firaima mai kyau tukunna, wato shafin farko da ake yi kafin fenti. Wannan gwajin na minti ɗaya shi ya cece ni daga asarar fentin gaba ɗaya.

Kayan a kasuwar Panteka na sayi mafi yawansu. Sanfefa kala-kala, bodi fila gwangwani ɗaya da ɗan maganinsa da ke sa shi ya daskare, firaima, tina, salatef na takarda, sai farin fenti irin wanda ake ce wa 2K da hadnarsa, wato maganin da ake haɗa shi da shi ya taurare. Mai shagon ya so ya tura min otobes da kiliya, wato a fesa launi daban a bi da mai sheƙi daban, na ce a'a, fari ne zalla ba mai ƙyalli-ƙyalli ba, 2K ɗin shi kaɗai yana fitowa da sheƙinsa, kuɗi ya ragu aiki ma ya ragu. Launin kuwa ban canza ba, na farko don haka Baba ya bar ta, na biyu launin mota a rubuce yake a takardunta, in ka canza sai ka bi ka gyara takardu in ba haka ba ka sha tambaya a hanya. Cikin murfin but muka duba inda rana ba ta taɓa ba, da shi aka gwada farin. Kuma wanda zai fara wannan aikin a karon farko ina ba shi shawara ya tsaya a fari ko mai haske, baƙi ba ya rufa asiri ko kaɗan, ɗan lotsawa kaman ƙwayar gero sai ya nuna ta.

Sati uku muka yi muna guga. Ina so a ji wannan da kyau saboda duk wanda ya zo kallo ranar feshi ya zo, ba wanda ya ga sati ukun. Mun fara cire duk abin da zai ciru, bamba gaba da baya, fitilu, madubi, hannun ƙofa, lamba, kowane da kusoshinsa a leda daban na rubuta sunansa a jiki. Muka wanke ta da omo sau biyu don maiƙo ya fita. Ƙasan ƙofofin da suka huje mai walda na kira ya yanke ruɓaɓɓen ya ɗora sabon ƙarfe, wannan kam ban yi gangancin yi da kaina ba, kuma kar wanda ya yaudare ka cewa fila za ta toshe ramin tsatsa, damina ɗaya za ta kumburo ta dawo. Inda tsatsar ba ta ci ta huda ba sai muka goge da sanfefa mai lamba 80 har ƙarfe ya fito fes yana haske, kuma ranar da ka fito da ƙarfe ranar za ka rufe shi, in ya kwana raɓa ta sauka a kai da safe za ka ga ya fara ja.

Bodi fila ita ce ta fi ba ni wahala. Ana ɗibar kaɗan a kan faranti a ɗiga maganin ɗan mitsitsi a cakuɗa, kuma da zafin garin nan minti kaɗan gare ka kafin ta daskare a hannunka, na farko da na kwaɓa da yawa rabinsa a farantin ya sandare na zubar. Sai na koma kwaɓa daidai abin da zan shafa sau biyu ko uku. Dattijon ya hana ni guga da yatsu, ya ce yatsa rami yake yi, ya sa na naɗa sanfefar a jikin katako mai faɗi ina tafiya da ita a karkace, daga 80 zuwa 180 zuwa 320, wato daga mai kaushi zuwa mai laushi. Ya kuma hana ni sa wa fila ruwa wurin guga saboda tana shan ruwa ta riƙe, daga baya ya fito a ƙarƙashin fenti. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda yake duba aikin, sai ya kau da kai gefe ya rufe ido ya bi wurin da tafin hannu a hankali, ya ce "yaro, nan akwai tudu." Ni ina kallo da idona biyu ban ga komai ba, sai na rufe nawa idon na shafa, wallahi ga shi nan kuwa. Fendar nan ta hagu sau biyar ina maimaita ta.

Lokacin ma da gangan na zaɓa, ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke hunturu bai kankama ba. Da damina laima tana hana fenti bushewa da kyau har ya yi dushi-dushi, da hunturu kuma ƙura ba za ta bar ka ba, kana fesawa tana sauka. Na karɓo hayar rumfar biki muka kewaye gefe uku da tamfol muka bar gefe ɗaya don iska, muka share ƙasa muka yayyafa ruwa sosai don kar ƙura ta tashi in muna tafiya. Gilasai da tayoyi muka rufe da tsofaffin jaridu da salatef. Na bi maƙwabta gida-gida na roƙe su kar a yi shanya a waje ranar, na kuma ce a cikin gida kar a hura gawayi ko risho kusa da katanga, janareta ma can nesa muka kai shi da doguwar waya, don tururin tina da wuta ba sa haɗuwa.

Maganar takunkumi kuwa ba wasa a ciki. Hadnar 2K ɗin nan akwai wani sinadari a cikinta da ake kira isosayanet, yana lalata huhu yana jawo asma, kuma takunkumin ƙyalle irin na lokacin korona ba ya tare shi. Na sayi na roba mai matata biyu a gefe, shi ne abu mafi tsada bayan fentin kansa, kuma ban ji zafin kuɗin ba don ina jin yadda dattijon nan yake numfashi in ya yi 'yar tafiya kaɗan, shekaru ya yi yana feshi da tsumma ɗaure a hanci. Shi da kansa ya ce ranar feshi daga nesa zai tsaya. Yara kuwa gidan yayata aka kai su tun da safe.

Kwamfuresa aro na yi wurin wani mai faci, bindigar feshin kuma ta dattijon ce. Firaima ta tafi lafiya, bayan ta bushe muka ɗan yayyafa baƙin fenti sama-sama muka bi da sanfefa 600 da ruwa, duk inda baƙin ya maƙale ka san akwai rami a wurin. Sai ranar fari, na tashi tun asuba, na jira raɓa ta bushe, na haɗa fenti da hadna yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, kashi biyu da kashi ɗaya da ɗan tina, na tace da safar mata, na yi bisimilla na fara da bonet. Ban kai rabi ba sai na ga wasu ƙananan ramuka suna buɗewa a cikin ɗanyen fentin, zagaye-zagaye kaman idon kifi, ɗaya, biyar, can sun fi ashirin. Gabana ya faɗi. Dattijon daga inda yake ya ɗaga murya ya ce tsaya, kar ka ƙara, je ka kwance ƙasan tankin. Na kwance ɗan kusan da ke ƙasan tankin kwamfuresar sai ga wani ruwa ja mai maiƙo yana tsiyaya, ya kusa cika gwangwanin madara. Iskar da ake hura taya ba ruwanta da tsabta, shi ya sa ba a damu da zubar da shi ba, ni ne ban san in duba ba. Ranar haka muka haƙura, washegari na koma kasuwa na sayo 'yar matatar da ake ɗaurawa a gindin bindiga mai tare ruwa da mai, muka canza tiyo, muka jira bonet ya bushe muka sake goge shi.

Asabar ta gaba aka yi na gaske. Tazarar taƙi ɗaya tsakanin bindiga da jikin mota, hannu yana tafiya a miƙe ba lanƙwasa wuyan hannu, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. In ka matso da yawa ko ka yi jinkiri fentin ya taru ya zubo kaman hawaye, in ka yi nisa ya bushe a iska ya sauka da kaushi kaman ɓawon lemo. Na yi ta gwadawa a jikin wani tsohon kwano kafin na taɓa motar. Shafi na farko siriri, aka jira kaman minti sha biyar, na biyu da ɗan nauyi, sannan na uku. Daga rufi na faro na sauko, ƙanina yana biye da ni yana riƙe tiyo kar ya taɓa jiki, shi ma da nasa takunkumin. Kafin azahar mun gama, hannuna na dama har rawa yake, muka sauke tamfol ɗin gefe na huɗu muka bar ta ta kwana biyu ba wanda ya taɓa.

Ba zan ce ta fito kaman ta kamfani ba. Akwai hawaye guda biyu a ƙofar direba, wani ɗan ƙwaro ya faɗa a kan but ya maƙale, rufin kuma ya ɗan yi ɓawon lemo ta gefen dama inda hannuna bai kai da kyau ba. Bayan sati biyu na bi su da sanfefa 1500 da 2000 da ruwan sabulu a hankali na goga folish, hawayen sun tafi, na rufin dai in ka tsaya ta inda rana ke haskawa za ka gani. Duka abin da na kashe har da ladan mai walda da hayar rumfa da ɗan abin da na kai wa dattijon, wanda da ƙyar ya karɓa, bai kai rabin kuɗin da aka yanka min ba. Robar gilashin gaba ce ta rage, ta tsage, har yanzu ina cigiyar ta 504 mai kyau.

Ranar da muka mayar da bamba da fitilu Juma'a ce. Na wanke ta da safe na shiga na ce Hajiya ki zo ki gani. Ta fito da mayafinta ta tsaya a bakin zaure ta daɗe tana kallo, sannan ta matso ta ɗora hannu a kan fendar nan ta hagu ta ce "Allah Ya yi muku albarka." Da la'asar ta ce in kai ta gidan ƙanwarta a Tudun Wada, na buɗe mata gaba ta ce a'a, ta zaga ta shiga baya ta ɓangaren dama, inda take zama in Baba yana tuƙi.