Karen da ya kwanta shiru

A shekarata ta farko a wani asibitin dabbobi a Kaduna, kwana biyu bayan Kirsimeti, wani Alhaji ya kawo mana karensa na gadi. Dasashinsa duk jini saboda gwagwiyar sarƙa, faratansa na gaba sun cinye wajen tonon siminti. Tun jajibiri yaran unguwa ke ta kunna nokawut, ga kuma babban daren, na shiga sabuwar shekara, yana tafe. Alhaji ya ce, "Likita, a ba shi abin da zai sa shi barci kawai, ya hana mu sakat."

Na ba shi acepromazine, maganin da kusan kowa ke miƙa wa hannu a irin wannan hali. Washegari Alhaji ya bugo waya yana ta godiya, wai kare ya kwanta ko motsi ba ya yi. Da murnata na kai wa babbar likitarmu labari. Sai ta ajiye biron hannunta ta ce, "Ɗana, ka tambaye shi idon karen a rufe yake ko a buɗe?" Na tambaya. A buɗe yake, kunnuwa a kwance, yawu na dalala.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Wannan magani jiki yake kashewa, ba ya taɓa tsoro. Kare na jin kowace fashewa, yana son ya gudu, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, wasu ma ƙarar ƙara damunsu take yi. Ta ce, "Sarƙa ta biyu ka sa masa, daga ciki." Har yau in na tuna idon nan da ban ma gani da kaina ba, sai raina ya ɓaci.

Daga nan na koma karatu da gaske. Kunnen mutum iyakarsa wajen hertz 20,000 a ma'aunin siririn sauti, na kare ya haura ninki biyun haka, kuma yana tsinkayo ƙaramin sauti daga nesa. Ga walƙiya, ga warin albarushi, kuma babu abin da ke sanar da shi yaushe ta gaba za ta fashe. Abin da masu karnuka ke kira taurin kai ko iskanci, firgici ne tsantsa. Duka ba ya maganinsa, sai dai ya ƙara wa kare dalilin tsoron daren. Masu cewa rarrashi na ɓata kare su ma sun kuskure: in ya zo ya raɓe ka, ka shafa shi cikin natsuwa, ba za ka ƙara masa tsoro ba.

Na san gidaje da yawa a wajenmu ba sa shigar da kare ɗaki, kuma ba na neman kowa ya canza hakan. Amma gareji ko ɗakin ajiya sun wadatar. A kwance shi daga sarƙa, a ba shi abinci tun kafin magariba, a sa masa ruwa da tsohon buhun da ya saba kwanciya a kai, a rufe taga, a kunna rediyo. Ko ƙugin janareta yana taimakawa, don yana rufe ƙarar waje.

Ainihin aikin kuwa makonni kafin biki ake fara shi. Ana kunna masa sautin fashewa a waya, ƙasa-ƙasa yadda ko kunne ba zai ɗaga ba, a jefa masa ɗan nama. Kullum a ƙara kaɗan. Da zarar ya ƙi cin naman, an yi sauri ke nan, sai a koma baya. Wanda tsoronsa ya yi tsanani akwai magungunan da ke rage fargabar kanta, irin su trazodone da alprazolam, amma likita ne zai auna, kuma a gwada tun kafin daren. Wani bincike na Jami'ar Lincoln da ke Ingila a 2018 ya ƙara mini ido: karen da tsoron ƙara ya same shi bayan ya girma, sau da yawa ciwon gaɓoɓi ne ke ɓoye a ƙasa. Shi ya sa yanzu sai na lalube ƙugu da gwiwa kafin in rubuta komai.

Na kira Alhaji na ce masa na yi kuskure, kada ya sake ba shi ƙwayar. Daren sabuwar shekara a gareji karen ya kwana, yana haki amma bakinsa lafiya. Da Oktoba ta kewayo, ƙaramin ɗan Alhaji ne ya ɗauki aikin waya da nama, kullum bayan la'asar.