Katin asibitin da na yanka a Gombe

Baƙo yana da wata ɗabi'a: duk ciwon da bai kwantar da shi ba, sai ya ce a bari sai an koma gida. Mu 'yan Nijar da ke Gombe kusan duk haka muke. Daga Damagaram na zo, na kafa teburin shayi a Tudun Wada, a rumfar da mai masaukina ya ba ni. Harshe bai wahalar da ni ba, Hausa ce ko'ina, in ban da "Buzu" da yaran unguwa suka liƙa mini, ni da ban iya ko gaisuwa da Buzanci ba. Lissafin naira ne ya fi ɗaure mini kai, don na daɗe ina mayar da komai sefa a zuciyata kafin in ba da canji.

Da asuwakina ya fara fitowa da jini kowace asuba, sai na kama kurkure baki da ruwan gishiri, ina tauna kanumfari, ina cewa in na je gida zan nemi magani. Sai ga juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Masu ƙarfin hali sun bi ta daji. Ni ina zan bar tebur?

Mai masaukina ne ya ja ni gefe bayan sallar isha'i. Ya ce, "Ɗana, bakinka ya fara tashi. Mai shayi kuwa da bakinsa yake ciniki." Na ce, "To, Baba Alhaji." Washegari ya haɗa ni da ɗansa a mashin, muka nufi sashen haƙori na wani asibitin gwamnati.

Na ɗauka cirewa za a yi, don abin da na sani ke nan game da likitan haƙori. Likitar ba ta ko ɗauko abin cirewa ba. Wani siririn ƙarfe ta ɗauka mai zane-zanen awo, tana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, tana kiran lamba, wata na rubutawa. Uku, uku, biyar, shida. Ta ce lafiyayyen dasashi zurfinsa ba ya wuce milimita 3, daga 4 zuwa sama ya fara sakin haƙori ke nan. Ta girgiza haƙoran gaba na ƙasa, ɗaya ya motsa. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye.

"Malam, kana shan taba?" Na ce a'a, goro dai. Ta ce mai shan taba dasashinsa kan ɓoye jini, ciwon na ci bai sani ba. Ta kuma tura ni gwajin suga, wai ciwon suga da na dasashi kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Nan gabana ya faɗi, ni da nake wuni da cokali cikin sukari. Alhamdu lillahi, gwajin ya fito lafiya.

Asalin abin dattin da ke taruwa a gindin haƙori ne. In ya daɗe sai ya taurare kamar ƙanzon tukunya, ba asuwaki ko buroshin da zai fitar da shi. Da wata na'ura mai tsuwa da feshin ruwa ta kankare shi, inda ramin ya yi zurfi ta yi mini allurar kashe zafi ta shiga har ƙarƙashin dasashi. Na tofar da ɓarɓashi baƙi ƙirin. Ba ta yi mini alkawarin banza ba, kuma na ji daɗin haka: kumburi da jini za su tafi, amma ƙashin da ya zaizaye ba ya komawa yadda yake, sai dai a tsayar da ɓarnar.

Asuwaki ba ta hana ni ba, ta dai ce in ƙara da buroshi mai laushi da man goge baki safe da dare, in riƙa tsabtace tsakanin haƙora. Ta rubuta mini ranar dawowa bayan wata uku. Jinin ya ɗauke, haƙorin nan ɗaya dai har yanzu yana ɗan motsi. Wani ɗan garinmu mai garuwa a Pantami ya ce in zan koma in biya mu tafi tare, shi ma dasashinsa na jini.