Abin da na koya a gindin duwatsun Kaltungo

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, sashen nazarin dabbobi, aka ba ni aikin ƙididdige macizai da ƙadangaru da kwaɗin da ke zaune a gefen gonakin Kaltungo. Na tafi da sanda mai ƙugiya, da tocila, da rambut, da littafin rubutu. Kwana huɗu ina ratsa duwatsu da tsakar rana, ban da ƙadangaru masu jan kai babu abin da ya shiga littafin.

Wani dattijo mai gona a gindin tsauni, da ya daɗe yana kallona daga inuwar tsamiya, shi ya yafito ni. "Ɗan nan, me ya ɓace maka?" Na ce, "Baba, macizai nake nema." Ya ce, "Ba da wannan rana ba. Ka dawo bayan magariba, in raka ka."

A aji an gaya mana cewa waɗannan halittu daga waje suke samun ɗumin jikinsu. Na haddace, na ci jarrabawa, amma sai ranar na gane abin da ake nufi. Da hantsi damo ke fitowa shan rana, in ta take kowa ya shige rami ko suri, kububuwa kuwa da dare take farauta.

A daren na fara ganinta, kuma kafin in gan ta sai da na ji ta. Baba ya riƙe mini hannu ya ce, "Tsaya, saurara." Wata ƙara ce siririya, kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Da na haska, ga ta a naɗe tana goga ɓawon jikinta da juna. Tsawonta bai kai kamu biyu ba, launinta sak na tsakuwar wurin, da ɗigo-ɗigon fari a gadon baya. Da ni kaɗai ne, wallahi da na taka ta. Ba a banza ake ce mata gobe da nisa ba.

Washegari na kai hannu zan ɗaga wani dutse, ya daka mini tsawar da har yau nake jin ta. Ya nuna mini yadda ake yi: ka tsaya a bayan dutsen, ka maƙala ƙugiya a ɗaya gefen, ka jawo shi wajenka, don ya zama katanga tsakaninka da abin da ke ƙasa. In ka gama dubawa kuma ka mayar da shi yadda ka same shi. Danshin da ke ƙarƙashin nan shi ne gidan kulɓa da kwaɗo, in ka bar shi a buɗe rana ta busar, ka tashe su ke nan.

Kwaɗi da kunne ake ƙirga su. Bayan ruwan farko sai mazan su cika kududdufi da kuka, kowane iri da muryarsa. Na koyi jiƙa hannu kafin in taɓa su, na kuma daina shafa man sauro in zan fita, domin ta fata suke shan ruwa, har da wani ɓangare na numfashinsu.

Abin da ya fi girgiza ni ba a daji na gan shi ba. Na leƙa asibitin masu saran maciji na Kaltungo, inda ake kawo mutane har daga Taraba da Adamawa da Bauchi. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, sai ka ga dasashin mutum na zubar da jini. Za a ɗebi jininsa a zuba a tsabtatacciyar kwalba a jira minti 20; in bai daskare ba, sai allurar kashe dafi. Na bi ƙafafun da ke kan gadaje da kallo, galibi a idon sawu ko tafin ƙafa aka sare su, manoma da makiyaya da yara masu silifa.

Kafin nan nakan yi wa Baba musu in ya kashe maciji a gona. Bayan na fito daga asibitin ban ƙara ba. Har yanzu ina ganin asara ce a kashe mesa ko macijin da ba shi da dafi, tunda su ke rage ɓerayen da ke cinye hatsi, kuma na faɗa masa haka, ya yarda. Amma mutumin da ke girbin gyaɗa da hannu a mazaunin kububuwa ba ni da bakin yi masa wa'azi.

Ranar da zan tafi na nuna masa littafin, na karanta masa sunayen abin da muka gani tare. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya dubi ƙafata ya ce, "In za ka kai wa manyanku, ka ƙara a ciki cewa irin wannan takalmin muke so kafin kaka."