Ina Kan Macijin? Wasiƙa Daga Gilasgo Zuwa Ga Mutanen Daura

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na Daura da kewayenta. Ina gaishe ku gaisuwar girma. Ina fata an yi kaka lafiya, an kai amfani gida, Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Mu nan Gilasgo, can arewacin Birtaniya, hunturu ya kankama. Kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari, ruwa kuwa sai ya wuni yana zuba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani taro ne da muka yi ranar Asabar ɗin da ta wuce, wanda har yanzu yake cikin raina. Amma bari in fara gaya muku irin ƙungiyar da nake ciki, don na san wasu za su yi mamaki.

Ƙungiya ce ta masu son ƙagaggun labaran kimiyya, irin na tafiya sararin samaniya da duniyoyin da ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Mu dai wasa muke yi da labarin. Mukan kewaye tebur a wani ɗaki na laburaren unguwa, mu ƙaddara a cikin kumbo muke. Kowa da matsayinsa: ga kyaftin, ga likita, ga matuƙi, ni kuwa injiniya ne. Akwai mai jan labari, shi zai ce iskar shaƙa ta fara ƙarewa, ga kuma wasu can suna neman agaji, yaya za ku yi? Sai kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai aikata, a jefa 'yan ƙwayoyi masu lamba irin na lido, su nuna ko dabarar ta ci ko ba ta ci ba. Duk abin da ya faru sai a rubuta a littafin tafiya, wani mako a ɗora daga inda aka tsaya.

Irin waɗannan ƙungiyoyi sun daɗe. Shirin talabijin na Star Trek ya fara fita a Amurka a 1966, a 1974 kuma masoyansa suka kafa ƙungiyar STARFLEET, wadda kowane reshe nata ake ɗaukarsa kumbo guda mai sunansa, 'ya'yanta suna hawa muƙamai irin na sojan ruwa. Tamu ƙarama ce, ba reshen kowa ba ce, amma salon ya yi kama.

Kada wani ya ce abin Turawa ne zalla. A 1969, shekarar da aka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da irin wannan littafi da Hausa, mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya. Shiga rigar wani a yi wasa kuwa mun gaje shi. Ina yaro na ga kalankuwa a ƙauyen kakannina wajen Sandamu. Bayan an gama girbi samari su naɗa sarkinsu da waziri da alƙali da 'yan doka, a kamo mai laifi a ci shi tara, gari ya cika da kiɗa. Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne, ba a naɗa rago. Wanda ke fara isa gona ranar gayya, wanda ke raba faɗa a dandali, shi ake ɗaura wa rawani. Wasa ne, amma zaɓen ba na wasa ba ne.

To a ƙungiyarmu ba a biyan kowa ko sisi. Mai jan labari yakan ɓata dare biyu yana shirya abin da za a yi awa uku ana wasa da shi. Ladan da ake da shi kawai shi ne ƙarin muƙami da lambar yabo da ake bayarwa ƙarshen shekara. Shi ya sa in aka yi wasa da lambar nan, an yi wasa da ran ƙungiyar.

Mun kuwa taɓa yi. Wata shekara muka sami kyaftin mai kirki, mai gudun ɓacin ran mutane. Da lokaci ya yi sai ya raba wa kowa lamba, manyan lambobin kuma suka tafi wajen waɗanda ya fi shiri da su. Ni aka ba ni ta jarumtaka, alhali aikin dare ya hana ni zuwa kusan rabin zaman shekarar. Na karɓa ana tafi, na zo gida na jefa ta a aljihun tebur, ban ƙara kallonta ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Akwai wani saurayi shiru-shiru, shi ya rubuta galibin labaran da muka ci moriyarsu a shekarar, aka miƙa masa irin wadda aka miƙa mini. Bai ce uffan ba. Ya zo sau biyu bayan nan, sai muka daina ganinsa. Na kira shi, ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Na san ba aiki ba ne, kuma har yau ina jin ina da hannu a tafiyarsa, tun da na miƙa hannu na karɓi abin da ba nawa ba.

Bayan tafiyarsa muka zauna muka gyara. Yanzu ba mai gabatar da kansa, kuma wanda ke cikin masu tantancewa ba ya shiga takara a shekarar. Duk wanda zai gabatar da wani sai ya rubuta abin da mutumin ya yi, da ranar da ya yi, da wanda ya gani. A ɗauko littafin tafiya a duba. In babu wanda ya cancanta, lambar ta kwana a akwati sai baɗi.

Ranar Asabar ɗin nan babbar lambar ta tafi wajen wata dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Ni Inna nake ce mata, ta kuwa saba har tana amsawa. A cikin wasa muƙaminta ƙarami ne, ba ta taɓa ceto kumbo daga halaka ba. Kyaftin ya miƙe da takarda a hannu ya fara karantowa. Ita ke fara zuwa ta jera kujeru. Ita ke kawo shayi a fulas. Duk mako takan biya ta ɗauko wani abokin wasanmu makaho a motarta, ta zauna kusa da shi tana raɗa masa lambar da ƙwayarsa ta nuna. Ranar kaza ga watan Fabrairu, da wani sabon yaro ya rikice ya kasa magana, ita ta sa mutuminta na cikin wasa ya nemi shawararsa har bakinsa ya buɗe. Haka ya yi ta jerowa, rana bayan rana, ɗakin ya yi tsit. Lambar kanta 'yar tauraruwa ce ta gwangwani, kuɗinta bai kai na kofin shayi biyu ba. Da aka maƙala mata a riga sai ta ja gyalen wuyanta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Makahon nan ya ce a ba shi ya taɓa. Ya bi kusurwoyin tauraruwar da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya mayar mata ya riƙe hannunta.

A hanyar gida, a cikin bas, rijiyar Kusugu ce ta faɗo mini a rai. Kowa a cikinku ya san labarin. Maciji ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa babu, ya tafi rijiya da dare ya sare kan macijin. Da gari ya waye Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki. Nan fa masu cewa "ni ne" suka yi ta fitowa. Ba a yi musu da kowa ba, tambaya ɗaya aka yi musu: ina kan? Wanda ya fito da shi, shi aka gaskata. Kakanninmu sun ajiye mana wannan tambaya a tsakiyar labarin kafuwar garinmu.

Masu da'awar ƙarya kuwa ba su ƙare ba, har a nan. Babbar kyautar marubuta labaran kimiyya ita ce Hugo, wadda aka fara bayarwa a 1953, kuma 'yar asalin Najeriya Nnedi Okorafor ta ci ta a 2016. Masu karatu ne ke jefa ƙuri'a, suna ma da damar cewa bana babu wanda ya cancanta. A 2024, da aka yi babban taron masoya labaran kimiyya na duniya a nan Gilasgo, masu ƙidaya suka gano ƙuri'u 377 na bogi cikin 3,813, da sunaye na ƙarya, akasarinsu don ɗaga mutum ɗaya. Suka soke su, suka fito fili suka faɗa wa duniya tun kafin ranar bikin. Wannan fitowa fili ita ta burge ni, don da sun rufe, da darajar kyautar ta zube har ga waɗanda suka ci da guminsu.

Yanzu bari in juyo gida, kuma ku yi mini afuwa, iyayena, in na taɓa inda ke ciwo. Na sha zama a tarukan ƙungiyoyin matasa da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai a wajenmu. An kafa rumfa, an jera kujerun alfarma, sanƙira yana ta zuba kirari, a miƙa wa wani allon karramawa mai sheƙi a ce shi ne gwarzon shekara. Kowa a wurin ya san dalili: shi ya ba da kuɗi mafi tsoka, ko ana sa ran zai bayar. Can baya a kan benci ga malamar da ta shekara da shekaru tana koya wa 'yan mata karatu da yamma kyauta. Ga yaron da ke tara abokansa su yashe magudanar ruwa kafin damina. Ga mai babur ɗin da ake buga wa ƙofa tsakar dare in naƙuda ta tashi. Su ne za su naɗe tabarmi bayan an watse, ba wanda ya ambaci sunansu.

Ban ce kada a gode wa mai bayarwa ba. Yaba kyauta tukuici, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. A gode masa a bainar jama'a, a ce ga gudummawar da ya bayar, Allah ya ƙara buɗi. Amma kada a kira kuɗi jarumtaka. Yara suna kallo, kuma daga nan suke koyon abin da ke jawo girma a garinsu.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyinmu bai da tsada. Ku sayi littafi guda na rubutu, ku ba mutum mai amana ya riƙa rubuta wanda ya zo aiki da abin da ya yi. Ranar karramawa ku karanta aikin da babbar murya kafin ku kira suna, yadda ko ba a faɗi sunan ba jama'a za su waiwaya su dubi mai shi.

Ku kuma ƙannena na Kusugu da Sarkin Yara da kuka dame ni in koya muku wannan wasa, na ji. In Allah ya kai mu Sallar Gani ina tafe da ƙwayoyin da sabon littafi. Ku nemo mana zaure da tabarma, ku fara tunanin sunan da za mu sa wa kumbonmu, da Hausa nake son sa. Kafin mu zaɓi kyaftin, mai riƙe littafi za mu fara zaɓa.

A gaida mutan gida, a sa mu a addu'a. Wassalam.

Naku,
ɗan Daura mazaunin Gilasgo