Camry ɗin da ta raba ni da Oga

Na kwashe sifanonina daga garejin da na yi aiki a Apo, Abuja, na kama ɗan fili nawa a wajen Kubwa. Yaran da na bari suna ta tambayar abin da ya haɗa ni da Oga. Wata Camry ce ta 2007, mai injin 2.4.

Ta wata Hajiya ce da ke zaune a Mararaba tana aiki a cikin gari, wato kullum ƙafarta na kan birki tun daga Nyanya har AYA. Kukanta ɗaya ne: in ta tsaya a danja ko a go-silo, ta zo tashi, sai motar ta yi nauyi, tana taka totur injin na nishi, sai ta ɗan yi nisa sannan ta sake. Ga shan mai, wanda tun da aka cire tallafi a 2023 shi kaɗai ya isa ya hana mutum barci.

Oga ko zama cikin motar bai yi ba. "Hajiya, giya ce, ta gama aiki."

Ni na sa wa motar kwamfutar gano matsala, ba ta nuna komai ba. Man giyar ja ne, ba ya ƙauri. Kuma duk wanda ya taɓa tuka mota mai zamewar giya ya san allurar injin ce ke tashi sama motar na tsaye. Wannan kuwa allurar ma da ƙyar take hawa. A kan shimfiɗaɗɗen wuri na sa ta a D na ɗaga ƙafa, maimakon ta fara rarrafe da kanta sai ta kafe. Da na dawo daga zagaye na tsuguna a tayar gaba ta dama, zafi ya bugi fuskata, ga warin ƙuna, ga baƙar ƙura ta rufe wilin fiye da sauran ukun. Na ja Oga gefe na ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin birki ne ke riƙewa." Sai ya ɗaga murya gaban yara: "Kai ka koya mini aiki ko ni na koya maka?"

Aka sauke giya lafiyayya, aka ɗora ta Beljiyam, wato ta hannu da ake shigowa da ita daga waje, Hajiya ta biya. Ba a rufe mako ba ta dawo da fushinta, ciwon na nan yadda yake. Nan take Oga ya nuna ni, wai na zuba man giya samfurin T-IV maimakon samfurin WS da motar ke sha. Gwangwanayen WS ɗin suna nan zube a bayan rumfa, kowa na gani, ba wanda ya ce uffan. Ya zaftare kuɗin man daga haƙƙina.

Da ya tafi sallar Magariba na ɗaga motar a jak. Na sa yaro ya taka birki ya saki, na kama tayar da hannu biyu, ta ƙi juyawa. Na kwance ɗan notin da ake fitar da iska a jikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse birki, mai ya yi tsartuwa, taya ta juya sakayau. Wannan gwajin shi ke raba gardama: da fistin ne ko fil ɗin kalifar suka cije, kwance notin ba zai sake ta ba. Tiyon robar da ke kai man birki zuwa kalifa ne ya ruɓe daga ciki. A waje lafiya lau yake, amma a ciki ya zama ƙofar da ake shiga ba a fita. Ƙarfin ƙafa na tura mai ya wuce, dawowa kuwa sai a hankali. Shi ya sa ciwon ke tashi bayan tsayuwa kawai. Na canza tiyon biyu na gaba da fad ɗin birkin da ya ƙone, na zuba sabon man birki, na fitar da iska.

Washegari ina ji Oga yana ce wa Hajiya a waya ya sake saita mata giyar da hannunsa. Tsohuwar giyarta kuma na gan ta daga baya a cikin motar wani Alhaji. Kuɗina har na bar wurin ba su dawo ba, ban kuma tambaya ba.

Ku yaran da kuke can garejin, kwamfuta ba ta ganin birki mai riƙewa, bayan hannunku ne ke gani. Ku kara shi kusa da kowane wili kafin ku yarda a taɓa giya. In kwamfuta ta nuna lambar matsala P0171 ko P0101, ku duba sansar iska da robar da ke bayanta ko ta tsage. Motar da ke shaƙewa a hawa tudu, ku auna ƙarfin famfon mai, ku duba indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, ko ya toshe, amma kada ku cire na mutane ku sayar. Gwangwanin man da kuka zuba kuwa, ku ɗauki hotonsa da waya kusa da lambar motar.